Inda Aka Binne Ekene

Ekene ya mutu a watan da ɗiyarsa Adaora ta samu gurbin karatu a jami'a, kuma in ka tambaye ni, lokacin da ya zaɓa bai kyauta wa kowa ba. Mutum ya kwashe shekara talatin da ɗoriya a Kakuri, nan Kaduna, yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, tun masaƙu na aiki har suka zama gidan jemagu, hawan jini bai tashi kayar da shi ba sai daidai lokacin da ake buƙatarsa. Yana riƙe da sifana ya faɗi. Kafin a tare Keke Napep rai ya yi halinsa, aka wuce da shi mutuware, ɗakin ajiye gawa, aka ajiye.

Matarsa Ngozika abinci take sayarwa a bakin garejin da yake aiki, teba da miyar agushi, da shinkafa ga wanda ba ya son ɓata hannu. A Romi suke haya, ɗaki ciki da falo. A nan ta haifi Adaora, a nan ta goya ta, kuma yarinyar Hausa ce a bakinta, Ibon ma in ta yi sai ’yan uwan ubanta su kama dariya. Kai kuwa akwai shi. Ilimin haɗa magunguna aka ba ta, abin da ’ya’yan manya ke nema da hanya su rasa.

To, ga inda matsalar take. Jami’ar nan kuɗinta iri biyu ne, akwai na ’yan jiha, akwai na baƙi. Na ’yan jiha Ngozika za ta iya, in ta ɗaure cikinta ta shiga adashi. Na baƙi kuwa, ko ta sayar da tukwanenta da bencina da ita kanta, ba za ta haɗa na shekarar farko ba. Adaora kuma a takarda baƙuwa ce, tunda ubanta daga gabas ya zo, ko da yake ita gabas ɗin sai a Kirsimeti take ganinsa ta tagar mota.

Sai dai a shekarar an fito da wani rangwame. Masu neman mafaka daga wasu ƙasashe, da waɗanda suka daɗe da zama a jihar, za su biya kamar ’yan gida. Mai neman mafaka katinsa kawai zai nuna. Wanda ya daɗe kuwa, hannu biyu ake so a takardarsa: na mai unguwar da yake zaune, da na shugaban ƙungiyar ’yan garinsu. Kuma a kai kafin a rufe rajista, wadda ba ta da nisa.

Maƙwabciyar Ngozika, Celina, ’yar Kamaru da ta gudo daga yaƙi shekarun baya kaɗan, ita ta fara kawo mata labarin, tana rawa a tsakar gida domin ɗanta ya samu. Ngozika ta taya ta murna da baki. A ciki kuwa abin ya ci mata rai, domin ita ta ba matar nan zani da tukunya ranar da ta sauka a gidan ba ta da ko cokali. Ta ji haushi, ta kuma ji kunyar jin haushin, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ta fara da na gida, a ganinta shi ne mai sauƙi. Ai Ekene bai taɓa fashin taron ƙungiya ba, duk wata gudunmawa da shi, duk gawar da za a raka gabas yana cikin mota. Ta samu shugaban, Ciyaman Ikechukwu, a shagonsa na kayan gyaran mota a Sabon Tasha. Ya yi mata gaisuwa har da share hawaye, sannan ya tura mata takardar da ɗan yatsa.

“Matarmu, kin san al’ada,” in ji shi. “Ba a taɓa maganar gidan mamaci sai an kwantar da shi. Ke kanki bai kamata a gan ki a waje ba. A binne Ekene tukuna.”

“Ciyaman, yaushe za a binne shi?”

“Wansa Tochukwu ya ce Disamba. Sai an yi wa gidan ƙauye fenti, an gyara hanya, ’yan uwa na waje sun dawo.”

“Disamba an rufe rajista ai.”

Ya buɗe hannuwa. “Ni na kawo al’adar?”

Daga nan ta nufi wurin mai unguwa. Baba Wilson dattijo ne ɗan ƙasa, tsohon malamin firamare, yana zama a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro a ƙofar gidansa. Ya san Ngozika sarai, ya ci tebarta ba sau ɗaya ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa takarda. Ya ɗaga gilashi ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya mayar mata.

“Maman Ada, ina mijinki yanzu?”

“Yana mutuware, Baba.”

“Ina za a kai shi?”

“Gabas, Baba.”

“To kin gani,” in ji shi, ba da faɗa ba. “Ku mutanen kirki ne, ban ce ba. Amma ku ci a nan, ku sha a nan, ku yi haya a nan, bene kuwa can gida ake ginawa ƙadangaru su kwana. In ɗayanku ya mutu, ku ɗauke shi da sauri kamar ƙasarmu za ta ƙone shi. Ni tun da na hau kujerar nan ƙa’idata ɗaya ce. Wanda matattunsa ke kwance a nan, namu ne. Wanda ke kwashe nasa, baƙo ne, ko ya shekara ɗari. Wannan rangwame na waɗanda suka zauna ne, ba na masu jiran mota ba.”

“Baba, a unguwar nan aka yanke wa yarinyar nan cibi.”

“Na sani. Ni na je sunanta. Ban ce miki ba na tausayinta ba.”

Tausayi! Ngozika ta tashi ta karkaɗe zani. Tausayin kowa ta samu a makon nan, har ya yi mata yawa, ba wanda ya haɗa mata da biro.

Kwana da kwanaki tana juya maganar a bakin murhu. Adaora na gefe tana wanke kwanuka. Yarinyar da a da ba ta rabuwa da littafi, yanzu ta tattara su ta cusa a ƙarƙashin gado. Wata rana da yamma, suna kwashe kaya, Ngozika ta ji dabara ta faɗo mata, har sai da ta zauna a kan benci. Ciyaman ya ce sai an binne. Baba Wilson ya ce sai an binne a nan. To in aka binne Ekene a nan, a makon nan, ai an biya wa kowa buƙata ke nan.

Ka san mutum in ya matsu, lissafinsa kan fito sumul, ba ya ganin inda ya karkace. Ngozika ta san abin da za ta yi babba ne. A garinsu namiji ba ya kwanciya a ƙasar wasu, a harabar gidan ubansa ake sa shi, inda zai ji takun jikokinsa. Amma ta ce a ranta, za su yi fushi, su ci ta tara, su huce. Gawa dai in ta shiga ƙasa ta shiga. Kuma Ekene da ta sani, wanda ya yi ta yawo gareji gareji yana nuna wa mutane sakamakon jarrabawar ɗiyarsa da hannu duk baƙin mai, ba zai ƙi ba.

“Mama, Baba Tochukwu ya sani?” Adaora ta tambaya da ta ji.

“Zai sani in an gama.”

“Mama, ina tsoro.”

“Ni ma. Ɗauko min takardar mutuware.”

Sunanta ne a takardar, don haka ba wanda ya hana ta gawar. Ta biya kuɗin rami a maƙabartar unguwa. Da ta gaya wa Fada, limamin cocinsu, sai ya tambaye ta ko dangi sun yarda, ta ce ita ce dangin da ke nan. Aka yi jana’iza ranar wata Asabar da hantsi. Kanikawan Kakuri suka zo da kayan aikinsu a jiki, Hausawa da Katafawa da Yarabawa, su suka ɗauki akwatin. Matan zumunta na coci suka yi waƙa. Celina ta riƙe Ngozika a bakin ramin. Daga ƙungiyar garinsu kuwa ko mutum ɗaya bai leƙo ba, ga shi kuwa labari ya kai musu tun da safe.

Baba Wilson ya zo da sandarsa, ya zuba ƙasa da hannunsa. A wurin, kafin a watse, ya ce a kawo takarda. Ya ɗora ta a bayan wani yaro ya sa hannu, ya hura wa hatiminsa iska ya danna.

“Yau Ekene ya zama namu,” in ji shi. “Adaora, ki je ki yi karatu, ɗiyata.”

Ranar Ngozika ta yi kuka iri biyu, ita kanta ba ta iya raba su ba.

Tochukwu ya iso da motar dare, ya sauka Kaduna idonsa jajir. Bai shiga ɗakinta ba, bai sha ruwanta ba. A tsakar gida ya tsaya, gaban ’yan haya, ya zazzage mata abin da ke cikinsa. Ya ce ta jefar da ƙaninsa a juji kamar mushen akuya. Ya ce uwarsu tsohuwa ta daina cin abinci. Ya ce dama an faɗa musu macen da ta daɗe a arewa ba ta san girman kowa ba, kuma wa ya sani ma ko akwai abin da take ɓoyewa game da mutuwar, shi ya sa ta yi sauri.

Wannan ta ƙarshen ita ta soke ta. Amma ta haɗiye, domin saura hannu ɗaya.

Aka kira ta taron ƙungiya ranar Lahadi bayan coci, a wani ajin makaranta da suke haya. Maza sun cika bencina, ita aka bar ta a tsaye. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta ba da haƙuri, ta ce duk tarar da suka yanka ta ɗauka. Sannan ta fito da takardar.

“Ciyaman, ka ce sai an binne. An binne.”

Ciyaman Ikechukwu bai ko kalli takardar ba. “Wa aka binne?”

“Ekene mana.”

“Ku kun ji an binne Ekene?” ya tambayi ɗakin. Aka yi gunaguni, aka girgiza kai. “Matarmu, a wurinmu ba a binne Ekene ba. An dai ajiye shi a wani rami. Ɗan garinmu bai kwanta ba sai bayansa ya taɓa ƙasar ubansa. Har yau gidanku gidan makoki ne, kuma ba ma taɓa maganar gidan makoki.”

“To ya kuke so in yi? Rajista ta kusa rufewa!”

Tochukwu ne ya amsa, a hankali, kamar mai ciniki. “Ki sa hannu a tono shi. Ba sai Disamba ba, mun haƙura da fenti. Ranar da motar gawa ta tashi, ranar Ciyaman zai sa miki hannu.”

Wayyo. Ashe fentin ana iya haƙura da shi. Da ta roƙa don karatun yarinya, Disamba ba ta matsuwa ko da kwana ɗaya. Yanzu da abin ya taɓa girman maza, ga shi ta matso har gobe. Ngozika ta dube su, mutanen da ta dafa wa abinci a kowane biki da kowace mutuwa, ta ji ta tsane su har cikin ƙashinta. Ta tambaya a ina za ta sa hannun.

Adaora ta roƙe ta. Ta durƙusa ta kama ƙafarta a ɗaki. “Mama, ki bar Baba ya huta. Na fasa karatun. Wallahi na fasa.”

“Ba ki isa ba,” in ji Ngozika. “Na riga na ɓata da kowa a kan abin nan. In kin fasa, na ɓata a banza ke nan.”

Ita dai lissafinta, hannun Baba Wilson ya riga ya shiga takarda, tawada kuma ta bushe. Takardun izinin tono kuwa, abin mamaki, ’yan ƙungiya suka haɗa su cikin ƙiftawar ido. Ashe in don mamaci ne, ofisoshi na da sauri.

Aka tono shi da sassafe. Ba zan ba ka labarin yadda akwatin ya fito ba, da jar laka a jikinsa da furannin roba da Adaora ta ɗora sun manne a murfi. Ngozika ta tsaya daga nesa ta toshe baki da gefen zani. An gaya mata ba za ta bi motar ba, sai dangi sun zauna a kanta tukuna. Miji nata, za a binne shi karo na biyu, ita tana Kaduna. Da ta juya, sai ta hango Baba Wilson a bakin maƙabarta, ya dogara da sandarsa yana kallo. Masu haƙan ai yaran unguwarsa ne, ta yaya ba zai ji ba? Ta gaishe shi. Ya amsa, ya juya ya tafi.

Ciyaman ya cika alkawari, wannan kam ba za a ɗauke masa ba. Motar gawa na hawa titi ya ɗora takardar a kan bonet ɗin motarsa ya sa hannu, har da yi mata fatan alheri.

Washegari suka tsallaka gadar kogin Kaduna ita da Adaora, suka bi layi a ofishin rangwame tun safe har rana ta take. Da aka zo kansu, ma’aikaciyar ta karɓi takardar, ta duba suna, ta ɗan tsaya. Ta buɗe wani fayil, ta sake duba sunan.

“Madam, ki yi haƙuri. Mai unguwarku ya aiko jiya. Ya janye hannunsa.”

“Ya janye kamar yaya? Ga shi nan a rubuce! Ga hatimi!”

“Na gani. Amma in mai shaida ya ce ya janye, ba mu da yadda za mu yi. In za ku biya na baƙi, gurbinta na nan har a rufe.”

“Baƙi?” Muryar Ngozika ta tashi har mutanen layi suka waiwayo. “Ki yi mata magana da Hausa ki ji! Ki tambaye ta hanyar garin ubanta ki ga in ta sani! Wace baƙuwa?”

“Madam, ni aiki aka ba ni. Na gaba.”

Adaora ce ta ja ta waje. Suka hau mota. Da suka sauka Romi, Ngozika ba ta nufi gida ba, gindin mangwaron ta nufa, ko durƙusawa ba ta yi ba.

“Baba, me yarinyar nan ta yi maka?”

“Ba ta yi min komai ba.” Ya cire gilashi, fuskarsa ta nuna shi ma abin bai yi masa daɗi ba, amma ka san tsoho da ƙa’idarsa. “Na sa hannu wa ɗiyar mutumin da ke kwance a ƙasarmu. Na zuba masa ƙasa da hannuna, na ce ya zama namu a gaban jama’a. Yanzu ina yake? Kin aro ƙasarmu ne kika yi shaida da ita, da kin gama kika mayar mana da rami. Gobe kowa ya yi haka ke nan.”

“Tilasta ni aka yi, Baba.”

“Na sani. Ni ma ba da son raina ba.”

Kowa ba da son ransa ba. Ciyaman ba shi ya kawo al’ada ba, ma’aikaciya aiki aka ba ta, Baba Wilson ba da son ransa ba. Mutanen kirki zalla, suka taru suka hana yarinya karatu, kuma kowannensu ya ci abincinsa ya ƙoshi a ranar.

Rajista ta rufe. Ɗan Celina ya tafi da akwatinsa, uwarsa ta fitar da shi ta ƙofar baya don kada su gani, amma sun gani. Daga gabas aka turo hotunan jana’iza a waya, ga rumfuna, ga makaɗa, ga fuskar Ekene a jikin riguna. Ba a ambaci sunan Ngozika a cikin masu makoki ba. Adaora ta fara zuwa rumfar abincin kullum, ta karɓi tuƙin teba daga hannun uwarta, kuma ta iya, abin da ya fi ƙona wa Ngozika rai ke nan.

Ana nan, wata rana da azahar, mai kula da maƙabarta ya zo rumfar. Ya zauna, aka zuba masa, ya ci rabi, sannan ya goge hannu ya yi gyaran murya.

“Madam, maganar ramin nan ne. Yana nan a buɗe, ruwa na taruwa. Akwai waɗanda suka yi rashi suna so. Tunda kin biya, na ce bari in tambaye ki, in ba ki da buƙata sai a mayar miki da wani abu.”

Ngozika ta dubi Adaora, wadda ta sunkuya a kan tukunya, gumi na ɗiga daga haɓarta.

“Kada ka ba kowa,” ta ce. “Ka rufe shi da kwanon rufi ka ajiye min.”

“Wa za a sa, Madam?”

“Ni. Ni ba wanda zai zo ya tono ni, na tabbata. In na shiga na zauna, wataƙila ɗan da yarinyar nan za ta haifa a ce masa ɗan gida.”